Goran da Inna Ta Hana a Fafe

Ƙauran Namoda,
16 ga Agusta, 2000.

Zuwa ga Addata Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ya aikin asibiti, ya damina? Ina gaida maigidan da yara. Mu nan Ƙaura mun gode Allah, sai dai abin da ya sa na ɗauki biro.

Fukar Ilham ta sake tashi ranar Asabar da hantsi. Adda, wannan karon na tsorata. Tana zaune tana tsince mini shinkafa sai na ji ƙirjinta yana wannan fito da kika sani, kafaɗunta suna hawa suna sauka, ta buɗe baki ta kira ni maganar ta ƙi fita. Kin san yanzu tun da aka ƙaddamar da Shari'a 'yan kabu-kabu sun daina ɗaukar mata, motar mata kuma ba ta zo da wuri ba. Goya ta na yi, yarinya 'yar shekara tara, ƙafafunta suna dukan gwiwoyina, har asibiti. Sun yi mata allura ta samu sauƙi, amma karo na huɗu ke nan a bana.

Ba sakaci nake yi ba, Allah ya sani. Tagar ɗakinta na toshe da tsumma don kada iska ta shiga. Kasko ba ya rabuwa da garwashi, ina zuba turaren da Inna ta aiko daga Zurmi safe da yamma, ta ce hayaƙinsa yana buɗe ƙirji. Rigar sanyi biyu take sawa ko ana rana. Na hana ta ruwan randa, na hana ta gudu, ko 'yar gala-gala ba ta yi. Duk da haka sai ramewa take.

Jarrabawar aji uku ta wuce ta tana kwance. Yanzu babansu ya ce in an dawo daga hutu ba za ta koma ba, makaranta ta haƙura da ita, ranta ya fi masa takarda. Ban iya musa masa ba. Ita kuwa da ta ji, ba ta yi kuka ba, ta dai ɗauko jakarta ta ninke ta sa ƙarƙashin matashi. Wannan ya fi kukan ciwo a wurina.

Don Allah in akwai wani magani mai ƙarfi a wajenku ki ba Sanda direba gobe in ya sauke 'yan kasuwa. Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Rabi'atu.

*

Shinkafi,
24 ga Agusta, 2000.

Rabi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ina gaida Malam Muhtari, a shafa mini kan 'yata.

Takardarki ta same ni, na karanta sau biyu, na farko da tausayi, na biyu da haushi. Ke da kika yi sakandare, yanzu ɗiya kike jinya ko kifi kike banda? Kin rufe taga, kin hura garwashi, kin zuba turare, sannan kina mamakin ƙirji yana fito. Mai lafiya ma in aka kulle shi a ɗakin nan kwana uku sai an kawo mana shi. Yau ɗin nan, kafin ki ninke takardar nan, kasko ya fita. A cire tsumman taga. Turaren Inna ki adana a gwangwani, in ta tambaya ki ce yana nan, ba ƙarya kika yi ba. Buhunan gero da maigidanki yake jibgewa a zaure kuma a daina kakkaɓe su tana wurin.

Ga abin shaƙa nan na ba Sanda, shi ake cewa inhela. Na zana miki yadda ake yi a bayan takarda. Ya zauna a aljihunta kullum, ba a ƙasan akwati ba.

Sai magana ta biyu, ki zauna kafin ki karanta. Ƙirjin yaro mai fuka yana son aiki, zaman ɗaki sai ƙara masa lalaci. Gudu a fili yakan tayar wa wasu da ciwon, amma iyo yana da sauƙi a kansu, don iskar da ke bisa ruwa tana da laima, kuma ruwa yana koya wa yaro ya ja numfashi ya sake shi a hankali. Wani likita ne ya yi mana bayani a bita a Gusau bara, na dawo na gwada da yara biyu na unguwarmu. Ban ce sun warke ba, fuka ba ta jin sallama, maganinsu yana nan tare da su. Amma ɗayar rabonta da gadon asibiti wata bakwai.

In ruwa ya ɗauke, gulbi ya kwanta ya yi garau, ki kawo mini Ilham ta yi wata guda a nan. Makaranta kuwa ki ce wa Malam Muhtari Addarki ta ce a dakata da yanke hukunci.

Taki,
Adda.

*

Ƙauran Namoda,
13 ga Satumba, 2000.

Zuwa ga Adda,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa na jinkirin amsa. Na fara takardar nan sau uku ina yagawa.

Na farko dai na gode. Kasko ya fita, taga a buɗe take, kuma ba zan ɓoye ba, tarin ya ragu ƙwarai. Sau ɗaya ƙirjin ya fara, ta shaƙi abin nan sau biyu ya lafa. Na ji kunyar kaina.

Amma Adda, gulbi? Mu? Ko kin manta da 'yar'uwarmu Gimbiya ne? Ni shekarata takwas lokacin, amma har yau ina ganin yadda aka shigo da ita gida a tabarma, gashinta yana ɗiga. Shekararta tara, daidai Ilham. A gabanmu Inna ta ɗora hannu a kan Alƙur'ani ta ce babu jininta da zai ƙara taka gulbi tana raye. Shekara ashirin da huɗu ke nan ko wanki ba mu taɓa kaiwa gulbin Bunsuru ba. Ni ko gadar Gagare mota za ta hau, rufe ido nake yi.

Babansu ma ya ce a'a. Ya ce a wannan lokaci da kowa yake gyara tafiyarsa, ba za a ce ɗiyar Muhtari mai hatsi ce take wanka a fili ba. To ko ya yarda, wa zai koya mata? Duk zuri'armu babu wanda ya iya iyo.

Akwai kuma laifin da na yi. Mun je suna Zurmi ranar Juma'a, Inna ta ga yarinyar ta yi haske ta tambayi dalili, bakina ya zarce har na faɗi maganar gulbin. Ta dai ajiye ƙwaryar da take gogewa. Ki shirya, na san takarda tana tafe.

Ƙanwarki,
Rabi'atu.

*

Zurmi,
18 ga Satumba, 2000.

Daga Hajiya Inna zuwa ga babbar ɗiyarta ta Shinkafi. Ni Malama Nadiya maƙwabciyarta nake rubutawa, ta ce kada in gyara mata ko kalma ɗaya.

Salamu alaikum. Kuna lahiya? Ina gaida mijinki da ɗiyanki.

Na ji abin da kika hwaɗa ma ƙanwarki. Ni ban yi boko ba, ban san bita ba, amma ni na wanke gawa da hannuna, ke ba ki wanke ba. Ruwa ya amshi guda, ba ni ba shi ta biyu. Yarinyar ga ƙawata ta, in ta zaka Zurmi ita ka cinye mani ƙuli-ƙuli, ita ka ce mani tsohuwa mai rowa. Ku ba ta maganinku na asibiti, ban hana ba. Turarena ma in kun ce shi ad da laihi, ku zubar, ba ni jin zahi. Amma rantsuwata tana nan inda na aje ta.

In kin kai ta gulbi, to ki sani ba da yawuna ba. Iyakar magana ke nan. Hayatu mai kai mani ƙwarya kasuwarku shi zai ba ki takardar ga. Allah shi yi muku albarka.

Innarku.

*

Shinkafi,
28 ga Satumba, 2000.

Rabi,

Salamu alaikum. Ina gaida ku duka. Takardarki da ta Inna sun zo mako ɗaya, kamar kun haɗa baki.

Kin tambaye ni ko na manta da Gimbiya. Ke kin ga tabarma, ni na ga abin da ya faru kafin tabarma. Ni aka aika da ita wanki. Zanen Inna ne ruwa ya ja, ta bi shi, ƙafarta ta zame a rami. Tsakanina da ita bai fi tsawon ɗakinki ba. Ina da shekara goma sha huɗu, na fi ta tsawo, na fi ta ƙarfi, na tsaya a ruwa iya gwiwa ina ihu don ban san abin da ake yi da hannu da ƙafa a cikin ruwa ba. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Kin ce duk zuri'armu babu wanda ya iya iyo. Akwai. Shekarar da aka turo ni aiki Shinkafi na karɓi haihuwar wata jikar Gwaggo Kulu, matar sarkin ruwan nan. Da ta ce in faɗi abin da nake so, na ce ta koya mini ruwa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Malamar asibiti, ƙatuwa da ke, mi kika nema cikin gulbi?" Na ce ƙanwata. Ba ta ƙara tambaya ba. Shekara goma sha biyar ke nan ina iyo, Inna ba ta sani ba. Na karya mata rantsuwa a ɓoye, kuma ba na alfahari da ɓoyon.

Ki faɗa wa Malam Muhtari ba fili ba ne. Akwai mashayar mata a bayan gonakin albasa, tun kakanni namiji ba ya bi ta nan, yanzu ma sarkin ruwa ya ƙara kafa zana. Gwaggo Kulu tana zama a bakin hanya da sandarta, ko ɗan akuya namiji sai ya yi bayani. Yara suna shiga da riga da wando har idon sawu. Ruwan mai gudu ne a kan yashi, ba tafki ba, don na san za ki ce tsargiya. Na kuma tambayi limamin unguwarmu, ya ce koya wa yara iyo abu ne da magabata suka kwaɗaitar, mace da namiji, in an kiyaye sutura.

Amma ba zan kai Ilham ba sai Inna ta ce to. Ɓoyo ɗaya ya ishe ni.

Kafin nan ga abin da za ki yi, rantsuwa ba ta hau kansa ba. Ki cika babban daro da ruwan da ya sha rana. Ta ja numfashi ta baki, ta sa fuska a ciki, ta busa a hankali har kumfa ya ƙare, ta ɗago. Sau goma, kullum bayan azahar, inhela a gefe. Haka Gwaggo Kulu ta fara da ni, ina uwar 'ya'ya biyu, jikokinta suna kallo suna dariya.

Wannan takardar in kin ga dama ki karanta wa Inna. Ni na kasa.

Taki,
Adda.

*

Ƙauran Namoda,
11 ga Oktoba, 2000.

Addata,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Na yi kuka da takardarki. Ashe abin da kike ɗauke da shi ke nan, mu muna cewa Adda ba ta da tsoro, Adda faɗa. Ki yafe mini tambayar da na yi miki.

Daro ya zama abin kallo a gidan nan. Ranar farko ta sha ruwa ta hanci ta yi ta tari, na ce shi ke nan a bari, ta ce ita ba ta bari. Yanzu tana kai ƙirga goma sha biyar fuska a ruwa. Babansu ya dawo kasuwa ya tarar da ita, ya tsaya yana kallo, ta ce masa in ya isa ya gwada. Mutumin nan da girmansa ya cire hula ya durƙusa. A takwas ya ɗago yana haki, ta yi ta yi masa dariya, irin dariyar da na manta tana da ita. Daga baya na karanta masa abin da kika ce kan mashayar mata da maganar liman. Ya ce in Hajiya ta yarda shi ba shi da ta cewa.

Ranar Lahadi muka je Zurmi. Na karanta wa Inna takardarki daga farko har ƙarshe, ban tsallake komai ba. Tana zaune cikin tulin duman bara da ta shanya, mai fafe mata ƙwarya yana ta aiki a gefe. Ba ta ɗago ba. Ita kuwa ƙawarta Ilham, kamar ba ta san ana wata magana ba, ta ɗauko sabuwar ƙwarya ta cika da ruwa ta ce, "Tsohuwa, zo ki ga abin da ba ki iya ba." Ta dulmiya fuska. Adda, na ga hannun Inna ya miƙa zai fizgo ta, ya tsaya a hanya, har yarinyar ta ɗago da kanta tana dariya.

Sai ta ce, "Inna, wace ce Gimbiya? Na ji Mama tana karantawa."

Kin san sunan nan ba a faɗinsa a gidan. Inna ta tashi ta shiga ɗaki, har muka yi sallama ba ta fito ba. Ban san ko gyara muka yi ko ɓarna ba.

Ƙanwarki,
Rabi'atu.

*

Zurmi,
16 ga Oktoba, 2000.

Daga Hajiya Inna zuwa ga ta Shinkafi, da hannun Nadiya.

Salamu alaikum. Na ji takardarki. Kin ce ke kika tsaya kina kallo. To saurara, kaya nawa na, ba naki ba.

Damanar da abin ya hwaru, marigayiya ta ishe ni sau uku tana roƙo in bar mata duma guda kada a hwahe, ta ga ɗiyan masunta suna kwantawa bisa gora suna koyon ruwa. Na ce ɗiya mace ba ta iyo, na sa anka hwahe shi gabanta, na sai da ƙwaryar. Ko babanku bai san wanga ba har ya koma ga Allah. Da na yi rantsuwa na aza ruwa na hukunta. Yanzu na gane ku na hana ma abin da na hana mata.

Ga gora nan wurin Hayatu, shi ya hi duka girma cikin na bara, na hana wuƙa ta taɓa shi. Na yi mashi ragar igiya da hannuna inda ƙawata za ta riƙa. Na tambayi malam, ya ce wanda ya rantse ya ga abin da ya hi alheri, shi yi alherin shi yi kaffara. Na auna gero na mutum goma, an kai.

Ki riƙe mani ita da kyau. Ban ce ba ni jin tsoro ba.

Innarku.

*

Shinkafi,
9 ga Nuwamba, 2000.

Zuwa ga mahaifiyata Hajiya Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina durƙusawa ina gaishe ki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Malama Nadiya, don Allah ki karanta mata a hankali.

Inna, gora ya iso, na rungume shi a tasha mutane suna kallona. Yau kwanan ƙawarki goma sha takwas a nan. Muna zuwa bayan azahar, lokacin da ruwa ya yi ɗumi, ta shaƙi maganinta kafin ta shiga. Ruwan iya ƙugunta ne, ni ina gabanta, Gwaggo Kulu tana bayanta.

Ba zan ɓoye miki ba, rana ta uku ta yi zumuɗi ta wuce lokacin da na yanka mata, ta fito ƙirjin yana fito. Na zaunar da ita a yashi ta shaƙa, ya lafa kafin mu ninke kaya. Laifina ne, na kuma hana ta ruwa kwana biyu, ta yi fushi da ni ta ƙi cin tuwona. Tun daga nan bai sake tashi ba.

Tana kwantawa bisa goran tana riƙe da ragarki, tana dukan ruwa da ƙafa, duk wanda ke kusa sai ya jiƙe. Shekaranjiya Gwaggo Kulu ta ce, "Sake shi ki taho gare ni." Ta saki, ta yi taku shida na iyo da kanta, ta kama zanen tsohuwar. Ni kuwa sai na zauna a ruwa da kayana. Yanzu tana cin abinci kamar mai noma, wandon da aka zo da shi ya fara matse ta.

Fukar ba ta tafi ba, Inna, kuma in sanyi ya shigo za mu dakata sai bazara. Amma Malam Muhtari ya zo da kansa ranar kasuwa, ya ga yadda ta tare shi da gudu, ya ce bayan Sallah za ta koma aji huɗu. Har ya yanki yadin makaranta a nan.

Saura mako biyu mu rufe, ga azumi ya matso. Kullum in ta fito sai ta ce ina ma tsohuwa ta gani. Ban ce ki zo ba, na san abin da bakin gulbi yake a wurinki. Na dai faɗa miki abin da ta ce.

'Yarki,
Hadiza.

*

Zurmi,
13 ga Nuwamba, 2000.

Daga Hajiya Inna, da hannun Nadiya.

Salamu alaikum. Ranar Alhamis ina tahe cikin motar su Hayatu. A aje mani tabarma inda ruwa ba ya kaiwa, amma inda zan gani da kyau.

Ki ce ma ƙawata ta yi mani tambaya ban amsa ba. Nadiya, rubuta sunan yadda ya kamata: Gimbiya. In ta hito ruwa ta zamna kusa gare ni, can zan ba ta labarinta.

Sai na zo.

Innarku.